Yadda na shanya kayan miyan shekara a gida, tun daga kasuwa har ajiya

Duk shekara da damina ta kankama, daga wajen watan Mayu har zuwa Agusta, kukan matan gida ɗaya ne a Kano, tumatir ya yi tsada, tattasai ba ya taɓuwa, ka ba yaro kuɗin cefane ya dawo maka da 'yan ƙwayoyi a leda rabi ma sun fara ruɓewa. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, ya san abin da nake faɗa. Ni dai na gaji da miyar tumatirin leda, shi ya sa na ɗaura niyyar yin kauɗa, wato busasshen tumatir, da kaina. To amma duk wadda na tambaya amsarta ba ta wuce "ai ba wuya, ki yanka ki shanya", babu mai gaya maka wane wata, wane irin tumatir, a kan me za ka shanya, yaya za ka gane ya bushe, sannan ina za ka ajiye. A waɗannan wuraren ne kuwa aikin yake, shi ya sa na zauna na rubuto yadda nawa ya kasance daki-daki.

Matakin farko jira ne, kuma shi ya fi cin rai. A watan Agusta na kai wa Hajiya, mahaifiyar maigidana, maganar, ita mutuniyar Kura ce ta tashi cikin wannan harkar. Na ce Hajiya ina so in fara shanyar tumatir ko kaɗan ne in gwada. Ta ce "a'a 'yar nan, yanzu in kika yanka fumfuna zai yi miki kafin ya bushe, ki bari hunturu ya shigo, ai ba rana ce kaɗai ke busarwa ba, iska ce." A lokacin ban gama fahimta ba, don a tunanina zafin rana shi ne komai, sai da na yi aikin na ga gaskiyarta. A damina ko an yi rana iskar cike take da laima, ba ta da inda za ta kai ruwan da ke fita daga jikin tumatirin. A hunturu kuwa, Disamba zuwa Fabrairu, iskar da ke fasa mana leɓe da kaushi ita ce ke tsotse ruwan cikin sauri ko da hazo ya rufe rana. Kuma Allah cikin ikonsa daidai lokacin ne tumatirin noman rani ke cika kasuwa, na Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure da ake ba ruwa daga madatsar Tiga, ga na Danja a jihar Katsina. Wato lokacin araha da lokacin bushewa sun haɗu. Sai na riƙa ware ɗan wani abu daga kuɗin cefane ina jefawa a asusu har Janairu.

Kafin in je kasuwa sai da na fara zuwa wajen kafinta. Dalili kuwa na sha ganin yadda ake shanya kauɗa a gefen hanyar Zariya, fili guda ja wur, an baza a ƙasa ko a kan buhu, ƙura na sauka, dabbobi na ratsawa, shi ya sa kauɗar kasuwa sai ka yi ta wanki amma ka ji tsakuwa a haƙori. Ba laifin manoman nake gani ba, yawan abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, amma ni da zan yi na cikin gida ba ni da uzuri. Na ce wa kafintan unguwarmu, Malam, so nake ka yi min firam na katako kamar na taga, tsawon hannu biyu, ka buga masa ragar sauro ta roba a ƙasa, sannan kowanne ka yi masa murfi shi ma na raga. Ya ce ko in sa ta waya ta fi ƙarfi, na ce a'a ta roba, don Hajiya ta ja min kunne cewa tsamin tumatir na cin ƙarfe, ya yi tsatsa ya ɓata shanyar, shi ya sa ma ba a so a baza shi kai tsaye a kan kwanon rufi. Ya ce jibi, jibin ta zama sati, wannan kam kowa ya san halin, don haka ki ba da aikin tun a Disamba. Kuɗin katako da raga da na aiki ya kai kusan kuɗin kwando guda na tumatir, na ɗan ji shi a jikina, amma abu ne da ake yi sau ɗaya a yi shekaru ana mora. Wadda ba ta da halin wannan, faifai ko tabarmar kaba mai tsabta ma sun yi, a ɗora a kan bulo ko tebur, a rufa tsohon gidan sauro da aka wanke. Abin da ake nema dai iska ta ratsa ta sama da ta ƙasa, ƙuda kuma kada ya samu wurin sauka.

Ranar kasuwa muna idar da sallar asuba muka fita ni da ƙanin maigidana, sanyi na shiga har ƙashi, muka nufi kasuwar 'Yan Kaba. Masu sayen da yawa har Kwanar Gafan suke zuwa inda ake lodin manyan motoci, amma ga mai sayen kwando ɗaya ko biyu kuɗin mota zai cinye ribar. Sammako na da amfani biyu, kayan sabon saukewa ne rana ba ta dake su ba, kuma kina da lokacin zagayawa ki ji farashi wuri uku huɗu kafin ki tsaya. Na gaya wa mai kayan gaskiya cewa kauɗa zan yi, nan take ya ce "to Hajiya ba wannan za ki ɗauka ba", ya nuna min irin da ake kira UTC, mai ɗan tsawo, mai tauri da tsoka, ruwansa kaɗan. Mai ruwa-ruwan nan mai laushi ya fi araha, daɗin miyar yau ne, amma a shanya yana daɗewa kuma abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Ki nemi wanda ya nuna ja sosai amma in kin matsa bai lotsa ba. Kuma a kowace kasuwa saman kwando fuska ne, ki roƙa a juye miki a gabanki ko ki zura hannu ta gefe ki ga na ƙasan, ba rashin yarda ba ne, ciniki ne. Kuɗin da na biya a kwando guda bai wuce abin da nake kashewa a tumatirin sati biyu da damina ba, nan na ji zuciyata ta yi sanyi. Sai dai ki lissafa da kuɗin ɗan dako da na ɗan sahu, ki kuma je da manyan robobinki ko buhu a juye miki, in ba haka ba kwandon ma da kuɗinsa. Na haɗo da tattasai da attaruhu da albasa kaɗan.

Muna isowa gida na juye a tsakar gida na fara tsincewa kashi uku: masu lafiya na shanya, waɗanda suka fashe ko suka lotsa na miyar ranar da markaɗe, ruɓaɓɓu kuma bola. Kada ki ji tausayin ruɓaɓɓe ki ce rana za ta gyara shi, ba ta gyarawa, sai ma ya shafa wa na kusa da shi. Na wanke sau biyu a ruwa mai yawa, na baza a kwando ruwan ya tsane tas, don in kin yanka da jiƙa kin ƙara wa kanki kwana. Da yake ranar ta riga ta yi nisa sai na bar yankan zuwa washegari da sassafe, wannan shawarar Hajiya ce kuma tana da muhimmanci, yankakken tumatir yana buƙatar ya samu cikakken wuni na farko a waje, in kika yanka da la'asar zai kwana da ruwansa ya wayi gari yana warin tsami. Yankan shi ne wahalar gaske. Mu uku muka zauna da wuƙaƙe masu kaifi, ƙanana gida biyu, manya gida huɗu a tsaye, muna ƙoƙarin kaurin ya zo ɗaya don su bushe tare. Kafin mu kai rabin kwando yatsuna sun yi yaushi, duk inda ke da ɗan kaushin hunturu tsamin ya shige shi yana raɗaɗi, baya ya ƙage. Muka jera su ɗaya bayan ɗaya, ɓangaren da aka yanka na kallon sama, ba a ɗora wani kan wani ba, na barbaɗa gishiri ɗan kaɗan a kai. Gishirin na jawo ruwan waje kuma yana rage saurin lalacewa, amma ki tuna da shi ranar miya kada ki ƙara wani da yawa.

Wunin farko hankalina bai kwanta ba, na fita na leƙa ya fi a ƙirga. Zuwa azahar saman ya fara yamushewa, 'ya'yan cikin sun kafe, ƙudaje na ta kewaya murfin ragar ba hanya. Kafin magariba na kwashe firam ɗin duka na shigar da su rumfa inda iska ke wucewa, saboda ko a hunturu sanyin asuba na iya saukar da ɗan raɓa, ga ɓeraye da kyankyasai da dare. Ban rufe da leda ba, leda na tara gumi. A rana ta biyu ban taɓa su ba don har yanzu da danshi, in ka juya sai su manne, sai a ta uku na bi na juya. Ƙura kam dole ta sauka, hunturu ne, ragar na tare manya amma ba ta tare garin, abin da na yi shi ne na ɗaga shanyar sama sosai nesa da inda ake shara, na hana a share tsakar gida sai an yayyafa ruwa. Ya danganta da kauri da yanayin iska, amma ki sa ran kwana huɗu zuwa bakwai. Yadda ake ganewa, ki ɗauki mafi kauri a ciki ki bari ya huce, ki yaga shi gida biyu ki matsa, in kin ga alamar ruwa ko ya manne miki a yatsa bai yi ba. Wanda ya yi za ki ji shi kamar busasshiyar fata, yana lanƙwasuwa da ƙyar, in kika zuba su a kwano suna ƙara. Na ajiyar shekara gara ya wuce ya yi ƙaras da a ce ya rage laushi. Ba sa gamawa rana ɗaya, kullum da yamma sai in tsince waɗanda suka yi in bar sauran.

Ranar da na gama kwashewa sai da gabana ya faɗi, kwando guda da mutum biyu suka ɗauko ya koma abin da zan riƙe a hannu ɗaya. Na kira Hajiya na ce anya kuwa, ta ce haka yake. Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne, ruwan ne ya tafi, abin miyar na nan. 'Yar cikin tafin hannu biyu na kauɗar in ta jiƙa tana yin miyar gida guda.

Daga nan sai ajiya, kuma a nan ne na lura yawancin mutane ke yin asara, su sha wahalar yanka da shanya sannan su ɗure a buhu su jefa a lungun kicin, damina na zuwa ya ja laima ya yi baƙi ya yi ƙwari, sai a ce kauɗa ba ta da kyau. Da farko kada ki rufe shi da zafin rana a jikinsa, ki baza a ɗaki ya huce sarai. Sannan na zuba a manyan kwalabe masu murfi, ban cika su ba, na ajiye inda nake gani, kullum in girgiza in duba jikin kwalbar har tsawon sati guda. Amfanin wannan shi ne in akwai wanda bai gama bushewa ba zai nuna kansa, za ki ga gumi a jikin kwalbar ko su fara mannewa juna. Kwalba ɗaya ta nuna min haka, na mayar da ita rana ta ƙara wuni biyu. Bayan satin na kasa su ƙanana-ƙanana a leda mai kauri, kowace leda ta kamar sati ɗaya ko biyu, na matse iskar na ɗaure, na zuba a bokitin roba mai murfi da ke kamawa gam, na rubuta wata da shekara a jiki. Hikimar kasawar ita ce ba kullum za ki riƙa buɗe duka ba iskar damina na shiga. Bokitin na ɗora shi a kan kanta cikin sito, wuri mai duhu, ba a ƙasa ba, ba kusa da murhu ba, haske da zafi su ke sa jan ya koma baƙi. Maganar ƙwari kuma, don girman Allah kada a sa fiya-fiya ko wani maganin feshi a abin da za a ci, guba ce, ba ta fita da wanki yadda ake zato. In kina da firiza kuma wuta ta tsaya, ki saka ledojin ciki kwana uku zuwa huɗu kafin ki ajiye, sanyin na kashe ƙwai. In babu, bushewa sosai da rufewa gam sun wadatar, sai ki riƙa dubawa wata-wata.

Tattasai ya fi tumatir yaudara. Wajensa zai yi kyau ya bushe amma cikinsa ya yi baƙin fumfuna, shi ya sa ban shanya shi guda-guda ba, na tsaga kowanne na cire hancin da 'ya'yan. Wannan fumfunar ba abin wasa ba ce, wasu nau'inta na fitar da gubar da ake kira afulatoksin mai illa ga hanta, irin wadda ake samu a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Duk wanda kika ga baƙi ko kore a cikinsa ki zubar. Attaruhu na tsaga shi biyu da leda a hannu, na kuma ɗora shi can saman da yara ba sa kaiwa, ranar daka shi kam sai da na ɗaura ɗankwali a hanci. Albasa ita ce mai sauƙi, a yanka siriri a warware a baza, ba ta daɗewa, sai dai duk gidan zai ɗauki warinta, kuma tana saurin jan laima fiye da sauran don haka kwalba ta fi dacewa da ita. Ganyenta ma ba a yarwa, shi ake dakawa a dunƙula a shanya ya zama gabu.

Da bazara ta shigo, wajen Afrilu, mangwaro ya cika gari sai na gwada shi ma. Wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, mara zare da yawa, na fere na yanka falle-falle siriri, na ɗan tsoma a ruwan da na matsa lemon tsami don kada ya yi duhu. Zafin bazara na busar da shi da sauri, amma zaƙinsa na kiran ƙuda da tururuwa fiye da komai, sai da na sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye da ruwa. Sannan ido na kan sama kullum, don lokacin hadari ya fara haɗuwa, iska mai ƙura na iya tasowa ba sallama. Shi ba ya yin ƙaras, yana tsayawa da ɗan danƙo, don haka ba na ba shi dogon lokaci irin na kauɗa. Ko da yake ma yara ba su bari ya daɗe ba.

Ganye kuma dokarsa daban. Zogale da rama da yakuwa da lalo a damina suke yawa, lokacin da iska ba ta taimako, kuma su ba a rana ake shanya su ba. Rana na ƙona korensu su koma ruwan ƙasa, tana kuma rage amfanin da ake nema a jikinsu. Na wanke zogalen tun yana jikin reshe, na girgije ruwan, na zage, na baza shi shara-shara a firam ɗin nan cikin ɗakin da tagoginsa ke buɗe, ina motsa shi safe da yamma, in an kawo wuta in kunna masa fanka. In ya yi za ki murza ya zama gari a hannunki kuma yana nan kore shar. Kuɓewa na bari sai da ruwa ya fara ɗaukewa wajen Oktoba, na zaɓi ƙanana masu taushi waɗanda bakinsu ke karyewa ɗas, na goge su maimakon in jiƙa su da yawa don kada yauƙin ya tashi, na yanka ƙwaya-ƙwaya na shanya. Ban daka duka ba, garin ya fi saurin rasa ƙamshi da yauƙi, ina daka na wata guda ne kawai. Mai obin na iya ƙarasa shanyar damina a ciki, wuta can ƙasa wajen digiri 60, a bar ƙofar a ɗan buɗe tururi na fita, amma gas ɗin da zai ci ya sa ni dai sai in hadari ya ritsa ni. Akwai kuma akwatin shanya mai aiki da zafin rana, cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke da hedikwata a Ilori da ofis a Kano na ƙera irinsu, ga mai son yin abin ya zama sana'a.

Da damina ta dawo tumatir ya sake hawa, sai na fara buɗe bokitin. In zan yi miya nakan ɗauraye kauɗar sau biyu don ƙurar hunturu, in jiƙa ta a ruwan zafi kamar rabin awa tare da busasshen tattasan, in markaɗa da ruwan jiƙon da ɗanyar albasa. Zan faɗi gaskiya, ɗanɗanonta ba irin na ɗanye ba ne, ta fi tsami kuma ta fi duhu, wani ɓangare na sinadarin bitamin C ma yana tafiya a shanya. Amma in kika soya ta sosai a mai, kika ɗiga ɗan ruwan kanwa kaɗan ya kashe tsamin, ko kika haɗa da ɗanyen tumatir biyu uku, miyar dage-dage da jalof suna fita yadda ake so, kuma babu tsakuwa ko ɗaya.

Wadda za ta fara bana, shawarata kada ki ɗauko fiye da abin da wurin shanyarki zai ɗauka a lokaci ɗaya, ki fara auna firam ɗinki ko tabarmarki kafin ki je kasuwa, don tumatirin da ke jiran layi a roba kwana biyu ya isa ya fara lalacewa. Gara ki sayi rabin kwando ki gama ki koma, ai kasuwar na nan da araha har wajen Maris. Ki nemi masu taya ki yanka tun kafin ranar, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku sayi kwando ku raba aikin da kuɗin mota. Kuɗin kwalabe da leda da bokiti mai murfi ki sa shi cikin lissafi tun farko, kada ki bari sai shanya ta bushe ki fara neman inda za ki zuba. Sannan a tsakiyar damina, in aka samu wuni mai rana sosai, ki buɗe leda ɗaya ki taɓa, in kin ji ta fara laushi ki fito da su duka su sha rana daga hantsi zuwa la'asar, su huce, ki canza leda ki mayar.